Murar Auta

A wani ƙauye na yankin Tasawa, cikin jihar Maraɗi, akwai wani magidanci manomi. Yana da mata biyu da ƴaƴa bakwai, mahaifiyarsa kuma tana zaune gidansa. Ga abin da ya same shi a ɗarin da ya wuce.

An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu. Iska ta taso daga gabas, ƙura ta rufe rana. Ranar kasuwa ya shiga mota, an cusa su kamar buhuna. Mutumin da ke kusa da shi yana ta atishawa, yana fyace majina, yana shafa hannu ga ƙarfen mota. Da suka sauka suka yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana 2 magidancin ya tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro. Kafin la'asar hanci ya fara zuba kamar tulu mai yoyo. Da dare kai ya yi nauyi, jiki ya mutu.

Ya ce sanyi ne ya shige shi, saboda ya yi alwalar asuba da ruwan randa. Haka kowa yake faɗi, kuma ba Hausawa kaɗai ba. Turawa ma sun daɗe suna ɗora wa sanyi laifin. A ƙasar Ingila, a wani gari da ake kira Solsbari, an taɓa buɗe wani gida don binciken mura kawai. An buɗe shi a 1946, ya yi aiki shekara 40 da ƴan kai. Mutane wajen dubu 20 suka je can da son ransu, kowa ya yi kwana 10. Wasu an sa su sun yi wanka, aka tsai da su cikin iska da jiƙaƙƙen jiki har rabin awa, aka bar su da jiƙaƙƙiyar safa a ƙafa. Sun sha sanyi, amma mura ba ta kama su ba. Sai cikin waɗanda aka ɗiga wa majinar mai mura a hanci aka samu waɗanda ta kama.

Ashe mura daga mutum take zuwa ga mutum. Wasu ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Likitoci suna ce musu birus. Irinsu ya fi 200. Shi ya sa mutum zai warke daga wannan, bayan wata biyu wani irin ya kama shi. Suna bin atishawa da tari, suna bin hannu, da moɗa, da ƙoƙon fura. Sanyi da ƙura suna da nasu laifin, ba a wanke su ba. Suna busar da cikin hanci, ya rasa ƙarfin kare kansa. Sanyi kuma shi ke tara mutane ɗaki guda, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma, kowa yana shaƙar numfashin kowa.

Washegari mai tallan magani ya shigo gari bisa moto, da akwatinsa cike da ƙwayoyi, rana tana dukansu. Ya dubi magidancin, ya ce:

"Alhaji, ga wanda ya fi allura ƙarfi. Biyu da safe, biyu da dare."

Magidancin bai taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya yi masa daɗi. Ya sa aka auni tiya 3 ta hatsi aka sayar. Ya karɓi kafso masu kai ja da ruwan ɗorawa, da wasu fararen ƙwayoyi da ko suna babu jikinsu. Ya sha. A kwana na 7 ya warke sarai, ya shiga yabon maganin a bakin masallaci.

Uwargidansa ta kamu kwana 2 bayansa. Ita ba ta sha ko ƙwaya ɗaya ba. Ta dafa citta da kanumfari, ta matsa lemun tsami, tana sha da ɗuminsa. Ta bar wa kishiyarta daka ta kwana biyu, ta kwanta. Ita ma a kwana na 7 ta miƙe. Da ta ji yabon ya yi yawa, ta ce:

"Malam, ni da ban ci tiya 3 ba, ai ga ni tsaye."

Bai ce mata komai ba. Gaskiya ce ta faɗa. Mura tana warkewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, jiki ne ke kashe ta. Tarin ne kan daɗe, wani lokaci har sati 2 ko 3. Kafson da ya saya irin maganin nan ne da ake kira antibiyotik. Aikinsa kashe wasu ƙwayoyin cuta dabam, masu suna bakteri. Ba ya taɓa birus. Kowane manomi ya san maganin fara ba ya kashe ƙuduji, ko an zazzage buhu guda a gona. Kuma asarar ba ta tsaya ga hatsi ba. Maganin yana iya kawo zawo. In ana shansa ba bisa ƙa'ida ba, bakterin da ke jiki suna sabawa da shi, ranar da za a nemi taimakonsa da gaske sai a tarar ya daina ci.

Daga nan mura ta bi yara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba abin tsoro ba ne. Yaro ƙarami yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, babba sau 2 ko 3. Majinarsu ta fara fara kamar ruwa, ta koma kauri, ta yi kore. Mutane suna cewa mura ta nuna. Haka ne, korenta ba alamar tsanani ba ce, ba ya kuma nufin a nemo kafso.

Sai ta zo kan Auta, ɗan amarya, mai wata 14.

Auta a gidan likita aka haife shi. Unguwarzoma ta can ta gargaɗi iyayensa kada a cire masa beli, ranar suna kuwa ba a cire ba. Kakarsa ba ta manta da wannan ba. Da ta ji ya kwana yana tari, ta kira ɗanta tun da sassafe.

"Ban faɗa maka ba? Yaron da ba a cire wa beli ba, haka zai yi ta tari. Belin ne ya sauko yana taɓa masa maƙogwaro. Gobe ka kira wanzami."

"To, Inna."

Amarya tana jin su, ba ta ɗaga kai ba. Sai da dare ta ce wa mijinta:

"Malam, don Allah mu fara kai shi likita. In sun ce beli ne, sai a cire."

Wanzami mutum ne mai daraja a gari, babu suna babu aski sai da shi. Amma beli ba cuta ba ce. Kowane ɗan Adam da shi aka halicce shi, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. In mura ta zo, maƙogwaro duka yana ja, beli ma ya ɗan kumbura, in ta tafi ya saɓe. Yanke shi ba ya tsai da tari. Yaro yana iya zubar da jini mai yawa. Miki yana iya ruɓewa, ko ya kawo ciwon tetanos mai sandarar da jiki. Askar da ta shiga bakin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Yaron da ke da miki a maƙogwaro kuma yakan ƙi nono, alhali lokacin ne ya fi bukatarsa.

Magidancin yana tsakanin uwa da mata. Ya ce wa Inna zai je gari sayen gishirin dabbobi, zai biya da yaron. Ya ɗaura wa sa amalanke, suka yi tafiyar kilomita 9.

Ba a karɓi kuɗi hannunsu ba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin ganin likita, ko da yake wani lokaci magani kan yanke, a rubuta takarda a je a saya. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, ya auna zafin jikin Auta, ya ga 38. Ya soki ɗan yatsansa, ya ɗiga jini bisa ɗan abin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Wannan gwaji wajibi ne ga duk yaro mai zafin jiki, ko da ɗari ne, don zazzaɓin sauro ma da zafin jiki da kasala yake farawa. Bayan minti 15 ya ce babu. Ya duba kunnuwa da maƙogwaro da idanu, ya lanƙwasa wuyan yaron ya ga yana juyawa. Sannan ya jira har Auta ya bar kuka, ya ɗaga masa riga, ya zuba ido ga cikinsa da agogo, bai yi magana ba har minti guda.

"32. Mura ce kawai."

Ya ba su parasetamol na yara don zafin jiki, ya nuna musu awonsa, ya ce kada a wuce sau 4 a yini da dare. Shi ke nan.

Ran magidancin ya ɓaci.

"Likita, duk wannan tafiya, ko allura ɗaya babu?"

Majo ya leƙa waje, ya ga amalanke.

"Malam, san nan naka, in ka ga bai da kuzari, ina kake fara dubawa?"

"Awazunsa mana. In ga yadda yake numfashi. In duba ko yana tuƙa."

"To, yaro ma haka. Mura ba ta kashe yaro. Abin da ke biyo bayanta shi ne abin tsoro, kuma ga numfashi ake gane shi."

Ya zaunar da su ya koya musu lissafin. A jira yaro ya natsu, ko yana barci, ko yana kwance jikin uwarsa. A ɗaga riga. Ciki ya tashi ya sauka, ɗaya ke nan. A ƙirga minti ɗaya cikakke da agogo ko da salula. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5, ita ce 40. Wanda ya kai iyakarsa ko ya wuce, a kawo shi ranar, kada a kwana.

Magidancin ya ce shi lissafi yana ɓace masa in ido yana wuri biyu. Majo ya nuna tasbahar da ke wuyansa. Ya ce kowane numfashi ya ja ƙwaya ɗaya, wani ya riƙe masa lokaci. Ƙwaya 33 ce kafin a kai ga alamar farko. Ga Auta, in ya wuce alamar da ƙwaya 7, ya kai 40 ke nan.

Ya ƙara musu da waɗansu alamun da ba su bukatar lissafi. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan numfashi. In ya kasa shan nono ko ruwa. In yana aman duk abin da ya shiga cikinsa. In yana fizge-fizge, ko barci ya danne shi ba ya farkawa. In wuya ya sandare, a tuna da sanƙarau, don lokacinsa ne, daga ɗari zuwa bazara. In idanu sun yi ja, ƙuraje sun feso, ƙyanda ce. Jariri sabon haihuwa kuwa, da jikinsa ya yi zafi, ba a jiran komai. Ya dubi magidancin ya ce shi ma, in tari ya wuce masa sati 2, yana rama, yana zufa da dare, ya zo a gwada majinar ƙirjinsa saboda tarin fuka.

Amarya ta tambayi abin da za ta yi masa a gida, don hancinsa ya toshe, ba ya iya kama nono. Majo ya ce ta tafasa ruwa rabin lita, ta zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya shafe, ta bari ya huce. Kafin ta ba shi nono ta ɗiga masa ɗigo 2 a kowace kafar hanci, ta share da tsumma mai tsabta. Ta yawaita ba shi nono da kunu mai ɗumi, kaɗan-kaɗan. Don tari, ta ba shi zuma rabin ƙaramin cokali kafin barci, tun da ya wuce shekara 1. Wanda bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan, tana iya ɗauke da wata cuta da cikin jariri bai iya kashewa. Kada a ba yaro asfirin. Kada a cusa masa mantaleta cikin hanci. Kada a yi masa surace da tafasasshen ruwa, yara da yawa sun ƙone ta haka. Siron tari na kasuwa kuma ba ya yi wa ƙaramin yaro amfani, yana ma iya kashe shi. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a ƙasar Gambiya bayan sun sha siro mai guba ciki.

Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne ya fi wuya a ƙauye. Ya ce a raba yaron da hayaƙi. Da ɗari ana hura wutar kara cikin ɗaki, wasu su shigo da garwashi su rufe ƙofa. Hayaƙin yana cin ƙirjin yaro, garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana iya kashe masu barci duka. Gara a ƙara masa riga da hula da bargo.

Da suka koma gida Inna ta dubi abin da suka kawo.

"Ka gani? Ba su ba shi komai ba."

Ya roƙe ta ta ba shi kwana 3. Ta ce ta ba shi.

Kwana 2 Auta ya yi sauƙi, har ya sauka yana bin kaji. A dare na 3 jikinsa ya sake ɗaukar zafi, fiye da na farko. Ya ƙi kunu. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Wajen tsakar dare amarya ta tashi mijinta, ta ce ya saurara.

Suka tashi babbar ƴar gidan, ƴar lakwal, ta riƙe salula tana haska musu, tana duban lokaci. Magidancin ya ciro tasbaha. Hannunsa yana rawa. Ya ja, ya ja, ya wuce alamar farko, yarinyar ba ta ce komai ba. Ya wuce da 7, ba ta ce komai ba. Lokacin da ta ce minti ya cika, ya ƙirga abin da ke bayan alama, ƙwaya 21. Wato 54. Ya ce wataƙila ya yi kuskure, aka sake. 56. Ƙasan haƙarƙarin yaron yana shiga ciki duk jan numfashi.

Motsin ya ta da Inna. Ta shigo da mayafinta, ta ce kwana 3 sun cika, da asuba a kira wanzami. Ɗanta ya gaya mata abin da likita ya ce, da abin da tasbaha ta nuna. Ba ta yarda ba. Ta zauna bakin gado, ta fitar da tata tasbahar, ta ce wa jikarta ta duba lokaci. Tsohuwar ta haifi tara, ta binne uku. Ta zuba wa cikin yaron ido tana ja. Ba ta jira minti ya cika ba. Ta ajiye tasbahar, ta ce:

"Irin wannan numfashin na taɓa ganinsa. Ku tashi."

Magidancin ya je ya buga wa maƙwabcinsa mai kabu-kabu ƙofa. Aka naɗe Auta cikin bargo, amarya ta rungume shi, suka shiga cikin sanyi da ƙura.

Majo ya fito da fitila. Ya ƙirga da kansa, ya sa abin saurare ga ƙirjin yaron. Ya ce ciwon huhu ne, wanda mutane ke kira awazu. Mura ta raunana hanyar numfashi, bakteri suka samu hanya suka gangara cikin huhu. Wannan shi ne abin da ke bukatar antibiyotik. Ya narka ƙwayar amoksisilin cikin ɗan ruwa, ya ba Auta, ya tsaya ya ga ta zauna cikinsa. Ya ce safe da yamma, kwana 5 cur, ko da ya ga yaron ya tashi yana wasa. Ya riƙe su har gari ya waye. Ya ce da yaron ya kasa sha, ko yana fizge-fizge, da babban asibitin Tasawa zai tura su a daren.

Magidancin ya yi shiru, can ya ce:

"Likita, da ka ba shi wannan tun ranar farko, da bai kai haka ba."

"Malam, ƴaƴanka nawa suka yi murar nan?"

"Duka bakwai."

"Nawa ta gangara wa?"

"Shi kaɗai."

Majo ya ce ba a sanin wanda za ta gangara wa sai ta gangara, kuma shan maganin tun ba ciwon ba ya tare shi. Abin da ke rage shi shi ne nono, da abinci, da raba yaro da hayaƙi, da allurar rigakafi. Tun 2014 aka shigar da rigakafin wani irin ciwon huhu cikin alluran jarirai a Nijar. Ba ya hana kowane iri, amma yana rage mai tsanani. Ciwon ba ƙarami ba ne: a 2019 ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 700 a duniya, da yawansu don an makara.

A gida, ƴar lakwal ta samu kwali tana rubuta lissafin kullum. Rana ta biyu 46. Rana ta uku 36, Auta ya nemi kunu da kansa. Amarya ta so ta ɓoye sauran ƙwayoyin don wata rana, uwargida ta hana, ta ce kwana 5 aka ce. Aka cika. Tarin bai bar shi ba sai bayan sati 2, amma numfashi bai sake hawa ba.

Inna ba ta bar maganar beli ba. Ta ce wannan dabam, wancan dabam, in zafi ya shigo za a sake zama. Ɗanta ya ce to, yana fatan ta manta.

Sai dai labari ya bazu a gari. Wata safiya wata maƙwabciya ta shigo da ɗanta mai shekara 2, majina har baki, tana tambaya ko gaskiya ne nan gidan ana auna numfashi. Inna ta sa ta ta zauna ta lallashe shi, ta kira jikarta da salula, ta ciro tasbaha. Minti ya cika tana ƙwaya 3 kafin alama.

"30. Mura ce. Je ki ba shi kunu da zuma, ki fitar da wutar nan daga ɗaki. In jikinsa ya yi zafi ki kai shi a soki yatsa. Gobe ki dawo mu sake ƙirgawa."